Fushin magoya bayan Offaly, da wurin da ya kamata ya sauka

A watan Yunin 2019, a garin Tralee da ke kudu maso yammacin Ayalan, 'yan wasan gundumar Kerry suka doke na gundumar Offaly a ƙwallon gorar gargajiya ta ƙasar, wadda masu ita ke kira hurling. Wanda bai san wasan ba zai ce to sai me, ai kullum ana cin wani. Amma Kerry gidan ƙwallon ƙafar gargajiya ce, gora ba ta wuce wasu 'yan ƙauyuka na arewacin gundumar ba. Offaly kuwa sau 4 tana ɗaga Kofin Liam MacCarthy, kofin zakarun ƙasa baki ɗaya: 1981, 1985, 1994 da 1998. Wannan kashin da ta sha a Tralee shi ne na huɗu a jere a gasar Kofin Joe McDonagh, wato rukuni na biyu, bayan Laois da Westmeath da Antrim duk sun lallasa ta. Da shi ta gangara rukuni na uku, gasar Kofin Christy Ring. Shekara 21 kacal tsakanin zama zakaran ƙasa da wannan faɗuwa.

Magoya baya sun fusata, kuma ni ina ganin suna da gaskiya. Abin da nake so in tattauna shi ne inda fushin ya riƙa sauka shekara da shekaru, da kuma ranar da ya sami ƙofar da ta dace.

Sai an fahimci yadda aka gina wasan kafin a gane zafin abin. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, kowa da gorarsa ta katako mai faffaɗan kai, ana bin wata 'yar ƙwallon fata da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, minti 70. In ta shiga raga maki 3 ne, in ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku maki 1. Ƙungiyar wasannin gargajiyar Ayalan, GAA, da aka kafa a garin Thurles a 1884 ita ke tafiyar da shi, kuma har gobe ba a biyan ɗan wasa albashi. Wanda ya buga a gaban mutum sama da 82,000 a filin Croke Park na Dublin ranar Lahadi, ranar Litinin zai koma aji yana koyarwa, ko ya koma gona, ko bakin kanta. Mafi muhimmanci, ba a sayen ɗan wasa. Inda aka haife ka nan kake bugawa, kulob ɗin ƙauyenku, daga nan sai gundumarku in ka cancanta. Don haka gundumar da ta rasa gwanaye ba ta da kasuwar da za ta je. Ko ta raini nata tun suna yara, ko ta zauna babu.

Offaly ƙaramar gunduma ce a tsakiyar ƙasar, mutanenta ba su fi 83,000 da 'yan kai ba a ƙidayar 2022. Kuma ba duka ne ke riƙe gora ba. Arewa da gabas, wajen Tullamore da Edenderry da Rhode, ƙwallon ƙafa suka fi sani. Gora ta 'yan kudu da yamma ce: Birr, Kinnitty, Coolderry, Banagher, Lusmagh, Clareen, Kilcormac. Daga waɗannan 'yan garuruwan, da wasu ma ƙauyuka ne da coci ɗaya da makaranta ɗaya, aka fitar da mutanen da suka karya lagon Kilkenny, gundumar da ta yi fice a wasan, suka ci kofin lardin Leinster a karon farko a 1980, shekara ta zagayo suka ci na ƙasa. Wani malami ɗan Kilkenny, Diarmuid Healy, shi ya horar da su, ya koya musu saurin hannu da bugun ƙwallo tun tana ƙasa ba tare da ɓata lokacin ɗagawa ba. Yaran da suka ga wannan da idonsu su ne suka ci kofin matasa na ƙasa a 1986 da 1987 da 1989, su ne kuma suka zama manyan 1994 da 1998: 'yan gidan Dooley, 'yan gidan Pilkington, Brian Whelahan, Michael Duignan da sauransu.

Wasan ƙarshe na 1994 har yau ana kallonsa ana maimaitawa. Saura kamar minti 5 a tashi, Limerick na gaba da maki 5, magoya bayanta sun fara shirin sauka fili. Aka ba Offaly bugun tazara kusa da raga. Kowa ya ɗauka Johnny Dooley zai ɗaga ta sama ya rage maki ɗaya, sai ya sheƙa ta ƙasa ta faɗa raga. Kafin 'yan Limerick su farfaɗo, Pat O'Connor ya ƙara ta biyu. Daga nan maki ya yi ta zuba. Aka tashi 25 da 19.

Amma abin da ya fi shafar maganata shi ne na 1998, don a nan ne magoya bayan Offaly suka nuna wa duniya irin ƙarfin da ke hannunsu. A wasan kusa da na ƙarshe da Clare, wanda aka sake bugawa bayan kunnen doki, alƙalin wasa Jimmy Cooney ya yi kuskuren lissafi ya busa tashi lokaci bai cika ba, Clare na gaba da maki 3. Mutanen Offaly ba su fasa kujera ba, ba su jefi kowa ba. Suka sauko daga kan benaye, maza da mata da yara, da rigunansu kore da fari da ruwan ɗorawa, suka zauna dirshan a kan ciyawar Croke Park suka ce ba inda za su. Wasan da aka shirya yi bayan nasu bai yiwu ba. Hukuma ta ga ba makawa, ta sa a sake wasan a Thurles bayan mako guda. Offaly ta ci 16 da 13, ta wuce ta doke Kilkenny a wasan ƙarshe 22 da 16, ranar da Whelahan yana fama da mura aka mayar da shi gaba daga baya ya ci ƙwallo ɗaya a raga da maki 6.

Zaman nan ya yi aiki ne saboda dalilai biyu. Masu zaman sun san ainihin abin da suke nema, kuma sun san wanda ke da ikon ba su. Waɗannan biyun ne suka ɓace a cikin shekarun da suka biyo baya.

Faɗuwar ba dare ɗaya ta zo ba. A 2000 Kilkenny ta casa su a wasan ƙarshe na ƙasa, gwanayen suka fara ajiye gora ɗaya bayan ɗaya. A 2005 Kilkenny ta sake haɗuwa da su aka tashi 46 da 15, tazarar maki 31. A 2014 aka tashi 47 da 21. A 2015 maƙwabciyarsu Laois, wadda ta shafe sama da shekara 40 ba ta doke su a gasar ba, ta doke su. A 2016 Westmeath ta yi musu dukan kawo wuƙa. A 2018 suka sha kashi a dukan wasanninsu 4 na Leinster suka sauka rukuni na biyu, sai kuma Tralee.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, maganar da ake ji a gidan rediyon yankin da jaridun gunduma da bakin ƙofar coci iri ɗaya ce: kocin nan bai iya ba, a sallame shi. Ko kuma, yaran yanzu ba su da zuciya, ba su san darajar rigar ba. Aka yi ta sallama kuwa. Daga ƙarshen 1998 zuwa 2022 mutum ɗaya ne ya riƙe Kilkenny, Brian Cody, ya ci kofin ƙasa 11. A daidai wannan tsakanin Offaly ta ga masu horarwa sama da 10. An ɗauko daga Clare, an ɗauko daga Tipperary, an ɗauko daga Waterford. An kuma juya ga 'yan gida: Joe Dooley, Kevin Martin, har da Whelahan kansa, mutumin da aka sa sunansa cikin gwanaye 15 na tarihin wasan a shekarar 2000 alhali yana kan bugawa. Shi ne yake tsaye a gefen fili ranar 47 da 21. In har za a ce Whelahan bai san gora ba, ko ba ya kishin Offaly, to babu sauran wanda ya sani ko yake kishi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai fushi ya tsaya ya sake tunani.

Zargin 'yan wasa kuwa shi ya fi ɓata mini rai. Saurayi ne ya tashi aiki ƙarfe 5, ya tuƙo mota daga Dublin ko Limerick cikin sanyin Janairu da ruwan sama, ya yi atisaye a ƙarƙashin fitilu, ya koma cikin dare, ba ko sisi. Ya san ranar Lahadi da wuya a ci, ya san abin da za a rubuta a kansa a Facebook, amma ya zo. Waɗanda suka amsa kira a 2018 da 2019 sun fi kowa nuna son gundumar, don a lokacin babu abin da rigar ke ba mutum sai kunya. Laifin da ke kansu ɗaya ne, kuma ba su suka yi shi ba: sun kai shekara 20 ba tare da an ba su abin da aka ba tsararsu na Kilkenny da Tipperary suna shekara 12 ba.

Ga hujjar. Offaly ta ci kofin Leinster na matasa a 2000, ba ta sake ba sai 2022. Na 'yan ƙasa da shekara 21 ma a 2000 ta ci, ba ta sake ba sai 2023, bayan an mayar da gasar ta 'yan ƙasa da 20. Shekara sama da 20 ana shan kashi a matakin yara, sannan ana mamakin me ya sa manya ba sa ci. An ci girbin shekarun 1980 gaba ɗaya har da irin da ya kamata a ajiye. Nasarar kulob ɗin Birr, wanda ya zama zakaran kulob-kulob na ƙasa a 1995 da 1998 da 2002 da 2003, ta ƙara rufe ido, don muddin Birr na kawo kofi gida, da wuya wani ya yarda cewa ƙasa ta fara zaizayewa. A wannan lokacin wasan kansa ya sauya. Ya koma na ƙarfin jiki da gudu da tsari, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da mai kula da abinci, da mai nazarin bidiyo. Saurin hannun da Offaly ke taƙama da shi bai daina amfani ba, amma ya daina isa shi kaɗai. Limerick, wadda aka ƙwace wa kofi a 1994, ta kafa makarantar rainon 'yan wasa a farkon shekarun 2010, da tallafin attajirin gundumar JP McManus. A 2018 ta ci kofin da ta shekara 45 tana nema, ta ƙara 4 a jere daga 2020 zuwa 2023. Offaly kuwa sai 2017 ta buɗe cibiyar atisayenta ta Faithful Fields a Kilcormac. Kafin nan kuɗi da hankali sun fi tafiya wajen gyara filin O'Connor Park na Tullamore, aka kuma kwashe manyan wasannin gora daga Birr aka kai can, abin da mutanen kudu suka daɗe suna jin haushinsa.

Duk waɗannan ba koci ke yanke su ba. Hukumar wasanni ta gunduma ce ke yankewa: nawa za a kashe a kan yara, masu koyarwa nawa za a tura makarantun firamare, yaushe za a buga gasar kulob, wa zai riƙe 'yan shekara 14. Kuma ba a rasa masu faɗa mata ba. An kafa kwamitin bincike da Diarmuid Healy ɗin nan ya jagoranta, ya rubuta hanyar da za a bi. Aka kafa wani kwamitin na aiwatarwa, da tsofaffin 'yan wasa a ciki. A 2017 mutanen wannan kwamitin suka ajiye aiki gaba ɗayansu, suna kukan cewa ba a ba su haɗin kai ba. A ganina wannan ranar ta fi ranar Tralee muni, amma ba ta tayar da ƙurar da shan kashi ɗaya ke tayarwa ba.

Akwai masu wata magana da ya kamata a saurara. Suna cewa Offaly ba faɗuwa ta yi ba, komawa ta yi matsayinta. Kafin 1980 ba ta taɓa cin komai ba a manyan gasannin gora. Allah ne ya haɗa wasu 'yan gidaje masu baiwa a lokaci guda, suka yi zamaninsu suka wuce. Gunduma mai mutum 83,000, da ta raba kanta tsakanin wasanni biyu, ba ta da hurumin tsammanin ta yi gogayya da babbar gunduma irin Cork. Suna ƙara da cewa tattalin arzikin yankin ya ja baya: aikin haƙar gawayin fadama na kamfanin Bord na Móna da tashoshin lantarkin da suka riƙe samari a gida sun yi ta rufewa, kuma bayan karyewar arziki ta 2008 matasa da yawa sun tafi Ostireliya da Kanada. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma yana bayyana me ya sa Offaly ba za ta ci kofi duk shekara ba ne kawai. Bai bayyana me ya sa Carlow, wadda ta fi ta ƙanƙanta kuma kulob ɗin gorarta ba su taka kara sun karya ba, ta tura ta ƙasa a gasar lig ta 2019 ba. Kilkenny ma ba wata babbar gunduma ba ce. Kuma baiwar 1980 ba daga sama ta faɗo ba, akwai malaman makaranta a Birr da Banagher da suka shekara suna tsayawa da yara bayan an tashi.

Ita ma uwar ƙungiya ta GAA tana da nata kason. Tsarin da ta fito da shi a 2018 ya sa mai zuwa ƙarshe a Leinster ya sauka kai tsaye, alhali a lardin Munster an kare manya. Waterford ba ta ci wasa ko ɗaya ba a Munster a 2018 da 2019, kuma ba ta motsa daga inda take ba. Dublin ta daɗe tana samun kuɗin horar da yara fiye da kowa nesa ba kusa ba. Wannan ya kamata ya dami duk mai son wasan, don tun da Offaly ta ci a 1981 babu wata sabuwar gunduma da ta shiga jerin zakaru. Wasan da UNESCO ta sa cikin kayan gadon ɗan Adam a 2018, gundumomi ƙasa da 10 cikin 32 ne ke iya mafarkin cin kofinsa. Bai da halin ya bar guda ta mutu. Sai dai ba tsarin GAA ne ya sa aka sha kashi a hannun Kerry ba, kuma mai son Offaly da ya ɓuya a bayan wannan uzurin ya yi wa kansa illa.

Abin da ya sauya ya faru ne a ɗakin taro, a watan Disambar 2019. A tsarin GAA kowane kulob na tura wakilai babban taron shekara, su ne ke zaɓen shugabannin hukumar gunduma. Kowane kulob kuma na 'yan ƙauyen ne, duk wanda ya biya kuɗin rajista yana da baki a cikinsa. Wato mutumin da ya shekara 15 yana buga wa rediyo waya yana cewa a kori koci, tun farko yana da ƙuri'a a aljihunsa, in ya yarda ya fita cikin sanyin hunturu ya zauna a kan kujerar roba a zauren kulob, ya saurari rahoton ma'aji, ya ɗaga hannu. A wannan shekarar sun yi hakan. Michael Duignan, wanda ya ci kofi a 1994 da 1998 kuma ya daɗe yana sukar hukumar a matsayinsa na mai sharhi a gidan talabijin na RTÉ, ya daina suka daga waje ya tsaya takara tare da tawagarsa. Kulob-kulob suka tattauna a gida, suka umarci wakilansu, ya kayar da shugaba mai ci.

Ba a ga sakamako nan take ba. A 2020 gundumar Down ta fitar da su daga gasar rukuni na uku da bugun fenareti, kuma an ji masu cewa ai ga shi nan, duk kanwar ja ce. Amma a wannan karon ba a kori koci ba, aka bar Michael Fennelly, ya mayar da su rukuni na biyu a 2021 da maki 41 a wasan ƙarshe da Derry. A shekarar ce kuma Shane Lowry, ɗan garin Clara da ya ci babbar gasar golf ta Open a 2019, ya sa kuɗinsa da sunansa a bayan gundumar, ya fi mayar da hankali kan yara. Mutum irinsa ba ya zuba dukiya inda bai amince da masu riƙe da ita ba, kuma wannan amincewar na daga cikin abin da zaɓen ya sayo. A 2022 matasa suka kai wasan ƙarshe na ƙasa, Tipperary ta ƙwace musu da ƙwallon minti na ƙarshe a filin Nowlan Park da ya cika maƙil da mutanen Offaly. A Yunin 2024 a wannan filin dai, 'yan ƙasa da 20 suka doke Tipperary 26 da 20 suka ci kofin a karon farko a tarihin gundumar. Bayan mako guda manya suka doke Laois 29 da 26 suka koma rukuni na ɗaya.

Adalci ya sa a faɗi wani abu a nan. Duignan bai ƙera Adam Screeney, ɗaya daga cikin gwanayen matasan nan, da abokansa cikin shekara biyu ba. Matasan 2022 a 2005 aka haife su ko bayanta, shekarar tazarar maki 31. Sun fara riƙe gora ne a mafi duhun lokacin, suna kallon Coolderry ta kai wasan ƙarshe na kulob-kulob na ƙasa a 2012, Kilcormac-Killoughey ta kai a 2013. Akwai iyaye da malamai da ba a san sunansu ba da suka riƙa tara su ranar Asabar da safe, suna jefa musu ƙwallo, suna ɗaure musu hular kwano, lokacin da kowa ke cewa gora ta mutu a Offaly. Tsohuwar hukumar ma ita ta gina Faithful Fields. Abin da sabon shugabanci ya yi shi ne ya hana wannan aikin zubewa a hanya, kamar yadda na waɗanda suka gabace su ya zube tsakanin shekara 16 da 21.

A nan ne kuma damuwata ta yanzu take. Farin cikin da ya cika Nowlan Park yana iya juyewa ya koma wancan tsohon fushin cikin kaka biyu, in yaran nan suka fara shan kashi a hannun Kilkenny da Galway, kuma za su sha, don jikin ɗan shekara 20 ba ɗaya ba ne da na ɗan 28 da ya shekara 10 a ɗakin ƙarfe. A 2025 da ƙyar suka tsira a Leinster, sai da suka doke Antrim a wasan ƙarshe na zagaye. Yaro ɗaya yana buga wa kulob, da jami'a, da 'yan ƙasa da 20, da manya, duk a shekara guda, kuma jijiya ba ta san kishin gunduma ba. Duignan ya cika wa'adinsa na shekara 5 ya sauka a ƙarshen 2024. Tambayoyin da nake so in ji wakilan kulob suna yi wa waɗanda suka gaje shi a taron Disamba su ne: wasa nawa kowane ɗaya daga cikin yaran nan ya buga a bana kuma wa ke ƙirgawa, makarantun firamare nawa ne a Tullamore da Edenderry mai koyar da gora ke shiga duk mako, kuma su wane ne ke riƙe da 'yan shekara 13 na yau, waɗanda za a nema nan da shekara 7.